Wa Ya Ɗauke Birki?

Ranar Talata da hantsi Sufeto yana tsakiyar rubuta rahoto ya ji hayaniya a wajen kantar ofishin 'yan sanda. Muryar tsoho ce, tana rawa, amma ba ta da niyyar sauka.

"Na ce muku sata ce! Da akuya ce ai da tuni kun buɗe fayil!"

Ya ajiye biro ya fito. Wani dattijo ne dogo, duk ya yi furfura, yana riƙe da sarƙar kare wadda babu komai a ƙarshenta. Saje, matar da ke kan kanta ranar, tana ta danne dariya.

"Yallaɓai, wai karensa ne ya ɓata."

"Ba ɓata ya yi ba, 'yar nan. Ɗauke shi aka yi."

Sufeto ya dubi tsohon. Ya shigar da shi ofis, ya ba shi kujera da ruwa.

Baba Direba ake ce masa. Ya yi shekara talatin da biyar yana tuƙa babbar mota kafin ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsa ɗaya tana gidan miji. Daga shi sai karen a gidan.

"Yaya sunansa?"

"Birki."

"Birki?"

"Tun yana ɗan kwikwiyo, in na saka shi a mota ba ma yin nisa sai ya yi amai, dole in taka birki. Marigayiya ce ta raɗa masa. Shekararsa goma sha ɗaya yanzu, har yau bai daina ba."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya da ƙarfe tara 'yata ta zo ta kai ni asibiti awon jini. Na kulle ƙofa yana kwance a tsakar gida. Sha biyu na dawo, ƙofa a kulle yadda na bar ta, babu Birki. Na zaga unguwa har ƙafata ta kumbura."

"Ka ci abinci, Baba?"

Tsohon ya kawar da kai. "Shi ne yake fara ci, sannan ni. Haka muka saba."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Saje, ɗauko makullin mota."

Gidan ƙarami ne, tsaf-tsaf. Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa, babu alamar an taɓa shi da ƙarfe. Katanga doguwa ce, tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi ba zai haura ta ba. A tsakar gida akwai kwanon ruwa, da kujerar katako wadda aka gwaigwaye ƙafarta ɗaya har ta kusa rabewa.

"Wannan aikinsa ne," in ji Baba Direba, kamar mai nuna takardar shaidar ɗansa. "Zo ka ga wani abin."

Ya ɗaga zanen gado. A ƙarƙashin gadon takalma ne jibge, sun fi ashirin, na maza da na mata, babu guda biyu masu kama da juna.

Saje ta durƙusa ta duba. "Yallaɓai, duka na ƙafar hagu ne."

"Ba ya taɓa na dama," in ji tsohon. "Na rasa dalili. Duk wanda ya cire takalmi a gabansa, to ya yi ban kwana da na hagu. Ni da shi a gidan nan, ban san wanda ke ajiye wani ba."

"Ina yake kwanciya?"

Baba Direba ya nuna gefen ƙofar ɗaki, sai ya tsaya cak.

"Bargon! Bargon marigayiya ne, a kansa yake kwana. Jiya hankalina bai kai nan ba."

Sufeto ya rubuta a littafinsa. Ɓarawon da zai ɗauki kare ya haɗa da bargonsa, ba ya nufin karen da sharri.

"Wa ke da makulli ban da kai?"

"'Yata kaɗai."

"Akwai wanda ba ya shiri da karen?"

Tsohon ya nuna katanga da haɓa. "Tela. Shekara shida tana kawo ƙararsa."

Maƙwabciyar tana kan keken ɗinki lokacin da suka yi sallama. Mace ce kakkaura mai tabarau a ƙarshen hanci.

"Ni ina ruwana da wannan kare? Ya cinye min takalmi uku. Ko kallonsa ba na yi."

"Jiya da safe kina gida?"

"Ina nan tun safe, mata uku sun zo gwaji. Ban ji komai ba, ban ga komai ba."

Sufeto ya leƙa tsakar gidanta. A jikin katangar da ta raba ta da Baba Direba akwai benci, a kan bencin akwai gwangwanin biskit.

"Malama, me kike hawa benci ki yi a jikin katanga?"

"Shanya."

"Igiyar shanyarki ga ta can a ɗaya gefen."

Keken ɗinkin ya tsaya. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Don Allah kada ka gaya wa tsohon nan. Zai yi min dariya har in mutu. Kullum ƙarfe goma nake jefa masa biskit biyu. In na makara sai ya zo gindin katanga yana atishawa, wai shi tuni yake yi min. Jiya ina shirin hawa, sai na ji ya ɓarke da haushi kamar zai tsage. Sai ƙarar ƙofa, sai tashin mota. Da na leƙa babu shi." Ta mayar da tabarau. "Jiya ko zare ban iya sa wa allura ba."

Da suka koma, Sufeto ya ce wa Baba Direba an ji karen yana haushi wajen ƙarfe goma, watau baƙo ne ya shigo.

Tsohon ya girgiza kai. "A'a. Birki ba ya yi wa baƙo haushi. In ya ga baƙuwar fuska ƙarƙashin gado yake shigewa, ko numfashinsa ba za ka ji ba. Matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Wanda yake so yake yi wa haushi, don murna."

"Su wa da wa yake yi wa?"

"Ni, da 'yata, da mijinta." Ya ɗan yi tsaki. "Da waccan Telar, ban san me ya gani a jikinta ba."

Saje ta kalli Sufeto. Sufeto ya kalli littafinsa. Tsohon da 'yarsa suna asibiti. Tela tana tare da masu gwaji.

'Yar Baba Direba da mijinta suna zaune a hawa na uku a wani dogon bene. A bakin matakala an manna takarda: ba a ajiye dabbobi a wannan gini. A harabar gidan akwai wata farar mota, an sauke gilasanta duka huɗu. Sufeto ya zura hannu ya taɓa kujerar baya. Da danshi, kuma tana ƙamshin sabulu.

Sun tarar da mijin ya dawo cin abincin rana. Ma'aikacin wani kamfanin inshora ne, siriri, mai ladabi. Ya tarbe su da fara'ar da ta ɗan yi yawa.

"Wallahi abin ya dame mu, Yallaɓai. Baba ya shaƙu da karen nan."

"Jiya daga tara zuwa sha biyu kana ina?"

"Ina ofis."

"Farar motar nan ta ƙasa taka ce?"

"Tawa ce."

"Me ya sami kujerar baya?"

"Madara ce ta zube."

Matar, wadda ke tsaye a ƙofar kicin, ta ɗaure fuska. "Madara kuma? Yaushe ka sayo madara?"

"A ofis aka ba ni."

Sufeto ya juya gare ta. "Malama, makullin gidan mahaifinki yana ina?"

"Yana cikin durowa." Ta je ta dawo. "Ga shi. Amma ba a nan gefen nake ajiye shi ba."

"Kun taɓa maganar Baba ya dawo nan da zama?"

"Kullum ita muke yi. Ya ce ba zai taka ko'ina ba in ba da Birki ba, nan kuma an hana."

Saje ta fita baranda da waya, ta dawo ta yi wa Sufeto raɗa. Ya gyaɗa kai.

"Malam, a ofishinku sun ce sai sha biyu da rabi ka sa hannu jiya."

"Na... na biya wajen wani abokin hulɗa ne."

Sufeto ya nuna bakin ƙofa, inda aka jera takalma. Akwai wani baƙin takalmin ofis mai sheƙi, shi kaɗai, na ƙafar dama.

"Ina ɗan'uwan wannan?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Tun jiya nake tambayarsa," in ji matar a hankali. "Da silifas ɗin cikin mota ya dawo gida." Ta dubi takalmin, ta dubi mijinta, ta dafe ƙirji. "Kai? Kai ne? Ina kuka a gabanka jiya kana ba ni haƙuri?"

Ya zauna a hannun kujera, ya rufe fuska da tafukansa.

"Ni ne. Amma yana nan lafiya, ban cuce shi ba. Na kai shi garejin wani abokina a bayan gari, na ce ya riƙe shi gadi. Sau uku yana amai a hanya. Na cire takalmi don in wanke, kafin in juya ya ɗauke ɗaya ya shige ƙarƙashin wata mota."

"Me ya sa ka yi haka?"

"Yallaɓai, watan jiya na je gaishe shi na tarar ya faɗi a banɗaki. Awa biyu yana kwance, karen yana zaune a kansa yana lasar fuskarsa. Kare ba zai kira likita ba. Baba ya roƙe ni kada in gaya mata, ban gaya mata ba. Tun ranar ba ni da kwanciyar hankali. Na ce in babu karen zai yarda ya dawo wurinmu."

"Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba," in ji Sufeto. "Mai hawan jini. Da ka ƙara kwana biyu, da ba maganar kare muke yi ba. Tashi mu je."

Suka biya suka ɗauki Baba Direba, 'yarsa ta zauna kusa da shi tana riƙe da hannunsa. Suka nufi bayan gari.

Mai garejin ya tarbe su da baƙin mai har gwiwar hannu.

"Alhamdu lillahi, ku zo ku ɗauki kayanku! An ce min kare mai gadi. Tun jiya ni nake gadinsa. Na ba shi nama ya ƙi, na ba shi ruwa ya ƙi. Kyanwa ta wuce ɗazu, ya ƙara matsawa ciki."

Ya nuna wata tsohuwar bas da babu tayoyi. A ƙarƙashinta idanu biyu ne ke ƙyalli.

Baba Direba ya dafa gwiwa ya sunkuya da ƙyar.

"Kai, malalacin banza. Fito mu tafi gida."

Sai garejin ya cika da haushi. Wani jan kare mai furfura a baki ya fito yana ɗingishi, jelarsa tana kaɗawa har bayansa duka yana lanƙwasa. Ya dafa ƙirjin tsohon da ƙafafun gaba, ya sauka, ya zaga shi, ya sake dafawa. Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa, cikin ƙura da baƙin mai, ya rungume wuyansa. Yana zaginsa yana hawaye.

Saje ta juya baya, wai tana duba lambar bas ɗin.

Surukin yana tsaye nesa, kansa a ƙasa. Birki ya hango shi, ya saki tsohon, ya ɗingisa zuwa wurinsa yana haushi, ya shiga lasar hannunsa. A nan ne mutumin ya fashe da kuka. Ya durƙusa a gaban Baba Direba.

"Baba, ka yafe min."

"Ka ga shi bai riƙe ka ba," in ji tsohon. "Ni kuwa sai na yi tunani." Ya share fuska da hannun riga. "Sufeto, na janye ƙarata."

"A ofis ake janyewa, Baba, a rubuce, bayan kai da Birki kun ci abinci. Shi kuwa wannan, ya shiga gidan mutum ba da izini ba, ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya yi wa ɗan sanda ƙarya. Zai bi ni ya rubuta bayani da hannunsa."

Aka nufi mota da surukin. Har ya sa ƙafa ɗaya a ciki, tsohon ya ɗaga murya.

"Kai! In sun sake ka, ka nemo motar kwasar kaya. Akwai ɗakuna biyu a gidana da babu kowa ciki sai gizo-gizo. Tunda ni ba zan hau benenku ba, ku ku sauko."

'Yar ta toshe baki da mayafi. Surukin ya kasa ɗaga kai, sai gyaɗa shi yake yi.

Saje ta zaro ankwa ta dubi Sufeto. "Yallaɓai, in sa masa?"

Sufeto ya rufe ƙofar motar.

"Mayar da ita. Kunya ta riga ta ɗaure shi."