Wanda Ya Amsa Lambar Jazuli

Ku matso, ku rage murya. A wata makarantar soja ta kuɗi aka yi wannan, ta kwana, can bayan dutse.

Dokar wurin ba wasa. Gudun yamma bibbiyu ake fita, wanda ya dawo ba abokinsa a cire masa igiya. Da magariba a yi layi a kira lamba, kowa ya amsa tasa.

Akwai wani ɗalibi, Jazuli, abokin gudunsa shi ne Mudan. Shekara uku gadonsu sama da ƙasa, kwanonsu ɗaya. A satin da abin ya faru aka ba Mudan igiyar kofur, har tafiyarsa ta sake.

Ran nan ƙafar Jazuli ta faɗa rami a bakin kwazazzabo. Ya ji ƙas.

"Zauna nan, yanzu zan kawo mutane," in ji Mudan.

Jazuli ya zauna. Rana ta faɗi. Iska na kawo masa kiran lamba daga filin fareti. Aka kira arba'in da bakwai, tasa. Ya ce alhamdulillahi, yanzu za a ga ba ya nan.

"Ga ni!"

Muryar Mudan ce, ya shaƙe ta. Saboda igiya ɗaya tal! Layi ya cika ke nan, ba mai fitowa nema. Wallahi karayar ba ta yi masa zafin wannan ba. Ya yi kuka, ƙato da shi.

Sai ga mutum tsaye a kansa, cikin irin kakin da aka daina ɗinkawa tuntuni. Dugadugansa ne a gaba.

"Hau bayana."

Bayan nan sanyi kamar randa. Suna taka busasshen ganye, ko ƙaras.

"Ni ma amsa tawa aka yi," in ji mutumin. "Har yau ba a fito nemana ba. Wa ya amsa taka?"

Jazuli ya san bai kamata ba. Amma zuciya ta ci shi, ya faɗi sunan.

A bakin ƙofar makaranta mai gadi ya tsince shi.

Washegari aka kira lambar Mudan. Kafin ya buɗe baki, wata murya daga bayan layi ta ce, "Ga ni." Haka kullum. Ran da Mudan ya ɓace, sai da aka kwana tara kafin a lura, don ba a taɓa rasa mai amsawa ba.

Jazuli na nan da ɗingishinsa, kullum yana cewa da ma ya yi shiru.

Kada in ji wani ya bi hanyar kwazazzabon nan shi kaɗai. In tsautsayi ya kai ka, aka tambaye ka sunan wani, komai zafin abin da ya yi maka, ka haɗiye.