Ko Su Uku, Ko Babu

Yana kan tsani yana ɗaura fankar aji ya fara jin muryarta. Malamar adabi ce, tana karanta wa ɗalibai labarin wata ƙasa da hukuma ta rantse sai kowa ya zama daidai da kowa, har takalmi lamba ɗaya aka yanka wa jama'a. Jami'in da ke kamun masu saɓa dokar kuwa ɗingishi yake, takalmin ya matse shi.

Mai gyaran wutar ya tuntsire da dariya har sukudirebansa ya faɗo.

"Malam, sauko ka faɗa musu abin dariyar," in ji ta.

Ya sauko, suka haɗa ido, ya kwashi tsaninsa ya fice, ya manta da sukudireban.

Kafin mako ya zagayo saƙonsa ya fara shigowa wayarta.

"Malamata, fanka na juyawa? Ni dai kaina bai tsaya ba tun ranar."

"Tana juyawa, Injiniyana. Gwanin aiki, har da barin mana sukudireba kyauta."

"Wannan ne gatsen da kike koyarwa?"

"Na baki ke nan. Akwai wanda abu ke juyewa ya ci mai shi, akwai wanda kowa ya san gaskiya ban da mutanen cikin labarin."

Ba ta faɗa masa cewa a irin ƙasar labarin nan take kwana ba. Babanta 'ya'ya uku gare shi, duk mata, kuma bai taɓa saya wa ɗaya ko ɗankunne ba sai ya sayi uku. Ranar da Injiniya ya je gaishe shi, tsohon ya saurare shi tsaf.

"Yaro, ban ga aibunka ba. Amma ba na fifita 'ya a kan 'ya. Ko su uku rana ɗaya, ko kowa ta zauna."

Malama ta sha kuka, don son shi take har cikin ranta, ga Yaya da Auta ko mai sallama ba su da shi. Ta rubuta masa: "Ka nemi wata, kada na tsufar da kai."

"Zan jira, Zumata. Na saba tsayuwa a kan tsani."

Suna wanke-wanke su uku Malama ta kasa daurewa, ta zayyana musu komai. Yaya ta ajiye kwano a hankali.

"Ke ma? Ni da direban motar asibiti mun daɗe, tausayinku ya sa na yi shiru."

Auta ta rufe fuska da hannu mai kumfa. "Mai gyaran wayar nan fa, ba waya yake gyara min ba."

Suka yi dariya har da hawaye.

Rana ɗaya aka ɗaura aurensu, yadda Baba ya gindaya. Da motoci suka tsaya a ƙofa, ya dubi ɗakinsu da aka kwashe, ya kamo hannun Malama.

"Na kafa dokar nan don kada a bar kowa a baya. Ban lissafa da kaina ba."

Ya goge ido, ya ɗora hannunta a kan na Injiniya. "Ku je. Allah ya yi muku albarka, dukkanku."