Tallafin Damina

Ranar farko ta karatun dogon hutu a Tambuwal, Sirajo ya shigo aji jiƙe sharkaf, ruwa ya dake shi tun daga Fakku. Malamin firamare ne, ya haura talatin, tallafin ƙungiyar malamai ne ya maido shi aji. Kujera ɗaya ta rage, kusa da Ruwaida, malama daga Kebbe. Ta janye littafinta daga ɗigar rigarsa tana dariya. Shi ke nan, bawan Allah ya kamu.

Kafin gero ya kai gwiwa, ya zama "Malamina", ta zama "'Yar ajina".

Sai ciyawa ta cinye gonar tsohonsa, dole ya bar aji ya kama fartanya. Ranar da ya dawo ya hango ta gindin dogon yaro da Jamaluddeen, sakataren ƙungiyar, mai shadda da turare, ga shi bai da mata. Washegari ma haka. Kishi ya turnuƙe Sirajo, abinci ya daina shiga. Maimakon ya tambaya, sai ya tura mata saƙo:

"Tunda kin samu wanda bai warin gona, Allah shi ba da sa'a. In tallafi ya haɗa ku, ki bar karatun, ni na iya riƙe ki."

Kuka ta yi har mahaifinta, Malam Abdulkarimu, ya ji dalili.

"Wanda ka cewa ki bar karatu tun bai aure ki ba, kar shi sake tako ƙofata," in ji shi.

Ruwaida ta daina gaida Sirajo, ta sauya kujera. Sirajo ya rame.

Jamaluddeen da kansa ya tare shi bakin masallaci.

"Malam Sirajo, ka san wanda duk yay yi fashin aji ana yanke mai tallafi? Yarinyar ga Ruwaida ta hana ni sakat a kan tallafinka, sai da munka yarda noma uzuri ne. Wallahi na gaji da jin sunanka!"

Kunya ta rufe shi. Da yammacin nan ya ɗauki kawunsa a babur, suka keta laka har Kebbe, ya durƙusa ya nemi gafara. Malam Abdulkarimu ya ce:

"Karatunta ba mai taɓa shi."

"Ko ni, Baba."

A zaure Ruwaida ta harare shi. "Malamina, mi nika yi da turare? Kishinka ya fi gonarku ciyawa."

"To ki taya ni noma, 'Yar ajina."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Jamaluddeen ya zo, ango ya rungume shi da godiya, sa'an nan ya zaunar da shi can nesa da ƙofar amarya. Malam Abdulkarimu ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai karatu, jama'a suka amsa da amin.