Ƙyauren Ban Ɗakin 'Yan Mata

Malaman makarantar huɗu ne, dukkansu maza, sai tsohon mai gadi da yaran da suka fi kujeru yawa. Ajujuwa uku ne kawai ke da rufi. 'Yan aji ɗaya a gindin bishiya suke zama. Babu rijiya, babu katanga, littafi guda kuwa sai kawuna biyar sun haɗu a kansa. Abu ɗaya makarantar ke tunƙaho da shi: ban ɗakin 'yan mata yana da ƙyauren katako shuɗi, mai sakata.

Ranar da aka dawo daga hutu, wata 'yar aji shida da kowa ke kira Monita ta zagaya, ta tarar da ƙofar a wangame. Ƙyauren ya yi ɓatan dabo. Ga shi ban ɗakin hanya yake kallo, inda masu babur ke wucewa.

Ba ta gaya wa kowa a makarantar ba. Da wane baki yarinya za ta tsaya gaban hedimasta ta ambaci ban ɗaki? Malamai kuma ba sa bi ta wannan ɓangaren. Manyan 'yan mata suka fara tafiya gida in an fita tara, ba sa dawowa. Daga baya suka daina zuwa gaba ɗaya. Da maganar ta kai kunnen mahaifin Monita ta bakin mahaifiyarta, sai ya ce, "Ba ƙyaure, ba makaranta." Jarrabawar shiga sakandare kuwa ta ƙarato.

Hedimasta ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce ko zazzaɓi ne, aka ce lafiyarsu lau. Ya ce ko aikin gona ne, aka ce an gama girbi. Ya tara iyaye maza ya yi musu wa'azi a kan ilimin 'ya mace. Suka ce gaskiya ne, suka watse, ba wanda ya iya furta kalmar.

A caji ofis na garin akwai kofur mace guda ɗaya. Wurinta Monita ta tafi.

"Anti, sata aka yi."

"Me aka sace?"

Monita ta sunkuyar da kai, ta faɗa a hankali.

"Ɗaga murya, 'yata. Nan ba gaban surukai ba ne."

Da safe Kofur ta isa makarantar. Hedimasta ya bi ta a baya har bakin ban ɗakin, ya tsaya nesa kaɗan, baki buɗe.

"Yaushe aka cire?" in ji shi.

"Ni zan tambaye ka, Malam."

Ta duba wurin da kyau. Ba a fasa komai ba. Ƙarafan da ke riƙe ƙyauren suna nan a jikin ginin. An zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, an miƙar da su, an zuba a gwangwani an ajiye saman bangon ban ɗakin. A ciki har da sakatar. Kofur ta daɗe tana juya gwangwanin. Ɓarawon da ke tattara wa mai kaya ƙusoshinsa, ba ta taɓa gamuwa da irinsa ba.

Ta fara da mai gadi.

"Baba, ina kake lokacin hutu?"

"Ina nan, ranki ya daɗe."

"Ba ka ga an fita da ƙyaure ba?"

"An fita ta ina? Makarantar ai duk ƙofa ce. Ni ofishin hedimasta aka ce in tsare. Can wajen mata kuwa, ko akuyata ta shiga sai dai in jira ta fito."

Ta bi shi gida. Tsohuwar tabarma ce rataye a ƙofar ɗakinsa. Wanda ya saci ƙyaure ba zai kwana bayan tabarma ba.

Ta wuce wurin kafinta, wanda shi ya haɗa ƙyauren tun farko.

"An ce katako ba ya wuce ka."

"Haba, Kofur! Da ni ne, ƙarafan zan fara kwancewa, da sakatar. Su ne abin nema. Ƙyaure ba ƙarfe ai faifai ne kawai."

Ta bincika shagon, ba ta ga shuɗin katako ko guntu ba. Ta leƙa ƙarƙashin teburin mai shayi, ta duba gadon mai nama, ta zagaya gidan wani ango da aka ce ya yi sabon ɗaki. Babu. Mai shayi har da tsokana: "Kofur, in kin gama da teburina, ga benci ma bai ci bincike ba."

Rana ta yi tsaka ta koma makarantar, kanta ya ɗaure. Wanda ya ɗauka ba sayarwa zai yi ba, ba kuma ɗaki zai rufe ba. To me mutum zai yi da ƙyauren da ba ya son ya buɗe, ba ya son ya rufe?

Ta nemi inuwa, ta zauna bayan 'yan aji ɗaya. Malaminsu saurayi ne siriri, bai daɗe da fara aiki ba. Yana rubutu a wani baƙin allo mai faɗi da aka rataye a reshe, yara suna binsa da murya ɗaya. Hedimasta ya kawo mata ruwa.

"Kun dai samu allo mai kyau," in ji ta.

"Alhamdu lillahi. Ƙungiyar iyaye ce ta kawo."

Shugaban ƙungiyar iyaye, wanda ya zo jin yadda aka kwana, ya juyo. "Mu? Ai na ɗauka ofishin ilimi ne ya aiko. Har godiya na yi musu a taro."

"Ofishin ilimi? Ni kuwa ku na yi wa addu'a."

Suka tsaya suna kallon juna. Kofur kuwa ƙasa take kallo. Rana ta ɗan karkata bayan allon, inuwarsa ta kwanta a gaban yara, kuma a gefen inuwar akwai 'yan ɗigo-ɗigon haske a jere, wasu a wannan ƙarshen, wasu a wancan. Wani yaro yana ta ƙoƙarin danne ɗaya da yatsa.

Ta jira aka tashi yara. Sannan ta zagaya bayan allon, ta kankare baƙin da farce. Shuɗi ya fito.

"Malam, zo mana."

Malamin ya zo, alli a hannu.

"Ina ka samo allon nan?"

Ya dubi hedimasta, ya dubi ƙasa. "Aro na yi."

"Wurin wa?"

Malamin ya shiga juya allin a hannunsa.

"Bari in taimake ka," in ji Kofur, ba tare da ɗaga murya ba. "Wanda ya cire ƙyauren bai taɓa ƙarafan ba, don faɗin katakon kawai yake so. Ya adana ƙusoshi da sakata, don yana da niyyar mayarwa. Ɗan gida ne ke nan. Ba wanda ya ga an fita da shi, don bai fita ba. An kwantar da shi ta gefe, an shafa masa baƙi, kowa na kallonsa kullum. Ga ramukan ƙusoshin nan, rana na bi ta ciki."

Malamin ya share hannu a riga. "Ranki ya daɗe, zango guda ina rubuta musu a ƙasa da tsinke. Na gaba su gani, na baya su taka. Na nemi allo, aka ce yana hanya. Na ga ban ɗakinmu na maza ba shi da ƙyaure tun da na zo, ba wanda ya yi kuka. Na ce in ara, in allon ya iso in mayar."

"Ka san abin da ya hana manyan 'yan mata zuwa?"

"An ce iyaye ne ba sa so."

"Ƙyauren nan ne."

Ya dubi allon, ya dubi Kofur, kamar ta yi masa magana da wani yare. Sai ya zauna a kan dutsen da yara ke zama. "Wallahi ban sani ba. Me ya sa ba wadda ta faɗa?"

"Ta faɗa wa wa?"

Hedimasta ya cire hula ya mayar.

"Yanzu kama shi za ki yi?" in ji shugaban iyaye.

"In rubuta me? Kayan makaranta ya tashi daga bayan makaranta ya koma gabanta? Ku kira kafinta."

Kafin la'asar ƙyauren ya koma wurinsa, baƙi ƙirin, haruffan safe suna tsaye a kaikaice a jikinsa. Malamin da kansa ya riƙe wa kafinta gwangwanin. Kofur ta biya ta gidan su Monita ta shaida wa mahaifinta. Ya ce sai ya gani da idonsa. Ya je, ya tsaya daga bakin hanya, ya gani.

Washegari Monita ta zo da wuri, ƙawayenta na biye. Ta zagaya, ta tura sakatar, ta ji ta kama. Da za ta wuce aji sai ta bi ta gindin bishiya. Igiya biyu na lilo a reshe. Malamin ya durƙusa yana zana harafi a ƙasa da tsinke, yara sun yi masa rumfa, na baya suna ɗage suna cewa, "Malam, ba ma gani."

Ta tsaya da jakarta a hannu. Jiya ta ɗauka an kama ɓarawo, magana ta ƙare. Yanzu ta rasa wanda za ta ji wa haushi. Abin da ta gane shi ne, katakon guda ɗaya ne, kuma kafin ita ta dawo aji, sai da ƙananan suka rasa allonsu.