Muryar Iya a Bakin Tasha

"Murjanatu! Ke Murjanatu! Sau nawa zan kira ki?"

Inna Hadijatu ta fito daga ɗaki tana toshe hanci. Miyar kuka ta kama tana hayaƙi, ga kuma Murjanatu zaune dab da murhun, idanunta a lumshe, tana kaɗa kai kamar mai zikiri. Sai da Inna ta fizge mata ɗankwali sannan igiyar iyafis ta faɗo daga kunnenta.

"Wayyo Inna, sorry! Wallahi ban ji ba!"

"Ina za ki ji? Saura wata biyu bikinki, haka za ki je ki riƙa ƙona wa ɗan mutane miya?"

Murjanatu 'yar Malam Ɗantsoho ce, malamin Islamiyya a cikin garin Daura. Ta gama NCE, an sa ranarta da Sabiru, mai shagon kayan waya a bakin tasha. Shi ya kawo mata wannan wayar, ta hannu ce, ya saye ta wajen wani ɗan kasuwa a Kongolam. A cikin memorin suka tarar da wasu kaɗe-kaɗe da ba mawaƙi a cikinsu. Wani kamar ƙarar janareta, wani kamar ɗigar ruwa a bokiti, wani kuma kamar ana jan ƙofar ƙarfe a hankali. Ranar farko dariya ta yi har da hawaye. Rana ta uku ta kasa cire abin daga kunnenta.

Tun daga nan ta rasa zama lafiya. Tankaɗen gari, kukan zabi, ƙarar guga a bakin rijiya, komai sai ta ji kiɗa a cikinsa. Ta sauke wata manhaja, ta koyi yanka sauti da jera shi. Ta ɗauki waƙar biki da ta fi so a duniya, ta rage mata gudu, ta cire muryar mawaƙin, ta shimfiɗa ƙarar gidansu a ƙarƙashi.

Wata safiya matan gida suna dakan fura, Iya Nagoggo, kakarta ta wajen uba, ta ɗauko wata tsohuwar waƙar daka tana ba su amshi. Tsikar jikin Murjanatu ta tashi. Ta ɓoye wayar cikin hijabi ta ɗauka. Kwana biyar tana haɗawa, sannan ta tura wa Sabiru shi kaɗai.

"Murja, ke kika yi wannan remix ɗin?" ya ce a waya. "Wallahi sau goma na ji!"

"Kada ka bari kowa ya ji, please."

"Haba, ni da ke?"

Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani direban Mai'adua ya zo shago a zuba masa waƙoƙi, Sabiru yana sauri ya kwafe masa duk abin da ke cikin wayarsa. Kafin sati biyu muryar Iya tana tashi a motocin haya, a wajen masu shayi, har a aljihun 'yan acaɓa.

Baba Kalilu, yayan Malam Ɗantsoho, ya je tasha zai hau motar Mashi, sai ya ji muryar mahaifiyarsa tana fita daga lasifika, samari suna taka rawa. Bai yi tafiyar ba. Ya juyo gida a fusace.

"Wa ya fitar da muryar Iya daga gidan nan?" ya daka tsawa a tsakar gida. "Uwarmu! A tasha! Ana yi mata rawa!"

Murjanatu tana ɗaki tana jin komai. Aka bi diddigi, direba ya ce a shagon Sabiru ya samo. Bayan la'asar aka kira Sabiru zaure. Ita kuma ta laɓe a bayan ƙyaure.

"Sabiru," in ji Malam Ɗantsoho a hankali, "wa ya yi wannan aikin?"



"Ni ne, Malam. Ni na ce Murjanatu ta ɗauko mini waƙar don in ji. Ba ta san abin da zan yi da ita ba."

"Ka ji ko!" Baba Kalilu ya buga cinya. "Ashe makaɗi muke shirin ba wa 'ya! Mu ba mu gaji kiɗa ba, ba kuma za mu haɗa zuri'a da shi ba. Gobe a mayar musu da kayansu!"

Murjanatu ta sulale daga bayan ƙyauren ta koma ɗaki. Washegari tana kallo aka fitar da akwatunan lefe.

Da ta samu ta kira Sabiru, kuka ya hana ta gaisuwa.

"Don me ka yi haka? Ni ce fa!"

"Ni na bari ta fita, Murja. Kuma ni namiji ne, za a zage ni a gaji. Ke idan aka ce ke ce, har jikokinki sai an yi musu gori. Ki yi shiru."

Ta yi shirun, amma shirun ya zame mata ƙaya. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta goge manhajar, bayan awa ɗaya ta sake sauke ta, ta kuma gogewa. Abinci sai ta juya cokali ta tashi. Labarin Sabiru kuwa kullum sai ya iso mata. A tasha ana kiransa Sarkin Kiɗa. Dattawan da ke saye a wajensa sun koma wani shagon. Mahaifiyarsa, Hajiya Kubura, ta daina zuwa biki da suna saboda habaici.

Ranar da aka cika wata guda, Iya ta kira ta ɗakinta ta ce ta tsefe mata kai. Suna cikin tsifar tsohuwar ta ce, "Duk kin rame. Faɗa mini abin da ke cin ki."

Murjanatu ta zube a gabanta ta faɗi komai.

Iya ta nuna wayar. "Sa mini in ji. Kowa ya ji a garin nan ban da mai muryar."

Ta sa mata. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta share ido da bakin zane.

"Waƙar uwata ce. A garin Babban Mutum take yin ta, ina goye. Kin kuwa iya jera ta, ba zan ɓoye miki ba." Sai ta haɗe fuska. "Amma sata kika yi, Murjanatu. Muryar mutum kayansa ce. Me ya hana ki tambaye ni?"

"Iya, da na tambaya za ki yarda?"

"Da ban yarda ba! Shi ya sa ake tambaya. Sannan kin bar yaron kirki yana ɗauke da kayanki wata guda cur. Tashi ki je wajen ubanki. Ba zan raka ki ba."

Malam Ɗantsoho yana zaure yana duba littafi lokacin da ta durƙusa. Ta yi magana tana shessheƙa, shi kuma bai katse ta ba. Da ta gama ya miƙo hannu, ta ba shi wayar.

"Sau biyu aka yi mini ƙarya a zauren nan," ya ce. "Shi da baki, ke da shiru. Tashi ki ba ni wuri."

Gaskiyar ba ta gyara komai nan take ba, sai ma ta ƙara dagula lamarin. Baba Kalilu ya ce ai yanzu abin kunyar ya zama biyu. Hajiya Kubura kuwa da ta ji, rantsuwa ta yi: "Yarinyar da ta zuba ido ana cin mutuncin ɗana? Ba dai a gidana ba!" Gorin ya tashi daga kan Sabiru ya dawo kan Murjanatu. Idan ta fita, 'yan mata su kama tafi suna rera waƙar Iya.

Ba ta rama ba. Ta roƙi Inna ta raka ta gidan Hajiya Kubura, ta durƙusa ta nemi gafara. Hajiya ta juya mata baya. Bayan sati biyu ta koma, aka ce Hajiya tana barci. Ta sake komawa. Sabiru kuma aka yi ta nuna masa 'yan mata, har da 'yar kawunsa a Mashi, ya ce shi dai a bar shi tukuna.

Wata biyar aka yi a haka. Ran nan da hantsi Sabiru yana shago sai ya ga Malam Ɗantsoho a tsaye a bakin ƙofa. Ya yi maza ya fito ya durƙusa.

"Sabiru, ka yi mini ƙarya."

"Na yi, Malam. A gafarce ni."

"Kada ka ƙara, ko don ka rufa wa wani asiri. Amma na zauna na yi tunani. Wanda ya ɗauki kunyar 'yata tun ba ta zama tasa ba, ban san wanda zan ba wa ita in bar shi ba. Ka ce mahaifinka ya turo."

Baba Kalilu ya tashi zai yi gardama, Iya ta aika aka kira shi. "Muryata ce ko taka? Ni na yafe. Kai mene ne naka?" Dole ya haƙura.

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar sallah. Hajiya Kubura ta yarda ne kawai don ɗanta, watannin farko gaisuwa ce kaɗai ke haɗa ta da amarya. Murjanatu ta ci gaba da haɗe-haɗenta da yardar mijinta, amma daga ƙarar ruwan sama sai ta tsuntsaye, kuma ba ya wuce ɗakinta.

Wata rana Hajiya tana tankaɗe tana ɗan rera waƙa a ƙasa-ƙasa, sai ta ɗago ta ga surukarta ta tsaya da tsintsiya a hannu tana saurare.

"Ke! Ɗauka ta kike yi?"

"Wallahi a'a, Hajiya! Na yi alkawari ba zan ƙara ɗaukar muryar kowa ba sai na tambaye shi."

Hajiya ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To, ki tambaye ni mana."

Murjanatu ta saki tsintsiyar, dariya da kuka suka taho mata tare.

Haka Allah ya warware musu. Gaskiya takan yi ɗaci ranar da aka faɗe ta, amma mai haƙuri bayanta shi ke shan daɗinta. Kuma duk baiwar da Allah ya ba mutum, ba ta ba shi ikon taɓa abin wani sai da izininsa.