Kundin Runduna ta Tara

Ƙarfe goma na safe wani Sufeton 'yan sanda ya shiga sansanin sojojin sama. Motarsa na wucewa aka garƙame ƙofa.

"Ba shiga, ba fita, sai an ga kundin nan," in ji Kwamanda. "Har da kai, Sufeto."

Sufeto ya dubi katanga da wayar da ke kanta. Shi dai da ma bai son wurin da sai an ba shi izini zai fita.

Kwamanda ya yi masa bayani a tsaye. Gobe za a rushe Runduna ta Tara, a raba jiragenta da mutanenta ga wasu sansanoni. Kundin tarihinta, wanda aka rubuta duk tashin jirgi da duk hatsari a ciki tun kafuwarta, yana kulle a akwatin gilashi, kuma doka ta ce in ban da Kwamanda mai rubutu a ciki, ba mai buɗe shi sai ranar rushewa. Yau da safe aka tarar da akwatin wayam.

Wata matashiyar Laftanar ce aka ba aikin rubuta tarihin rundunar. Tana tsaye a ɗakin da akwatin yake, idanunta jawur.

"Mahaifina matuƙi ne a nan," ta ce. "Jirginsa ya faɗi ina 'yar shekara biyu. Kowa cewa yake ƙaddara ce, ya yi shiru. Don in karanta shafin hatsarinsa na shiga soja, Sufeto. Saura kwana ɗaya."

Sufeto ya kira mai kula da ɗakin, wani farar hula mai yawan rantsuwa.

"Jiya ka bar ɗakin nan a buɗe?"

"Ni? Wallahi ko fitsari ban fita ba!"

"Daga bakwai zuwa biyar? Lallai likita ya kamata ya gan ka."

Mutumin ya sosa ƙeya. "To, na ɗan leƙa kantin da azahar. Minti ashirin, ranka ya daɗe, ba su fi ba."

Sufeto ya durƙusa gaban akwatin. Ba a fasa gilashin ba, kwance murfin aka yi. Ga sukurori takwas an soke su a jikin wani guntun kwali, a jere, kowanne da lamba a gefensa. Ikon Allah! Shekara ashirin yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin mai tsafta irin wannan ba.

"Wa ke jera sukurori haka?" ya tambaya.

Laftanar ta dubi kwalin. "Makanikan jirgi. Ko ɗaya ya ɓace, ba jirgin da zai tashi sai an gano shi."

Suka nufi rumfar gyaran jirage. Rufin kwano ne, zafi kamar tanda, ga makanikai goma sha biyu an hana su motsi, kowa na harar ɗan'uwansa. A bango akwai allon kayan aiki. Duk wanda ya ɗauki abu sai ya sa hannu a takarda, ya rubuta lokaci.

Sufeto ya bi takardar jiya da yatsa. Sukundireba ɗaya ta fita ƙarfe ɗaya da minti biyar, ta dawo ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyu.

"Hannun wa ne wannan?"

Wani dattijo mai furfura ya miƙe. Shi ne shugaban makanikai, kowa Baba Saje yake ce masa.

"Nawa ne. Jirgi na gyara."

"Wanne?"

"Na uku."

Sufeto ya buɗe takardar jirgi na uku. "Babu aikin da aka rubuta jiya. Mutumin da ke rubuta fitar sukundireba zai taɓa jirgi bai rubuta ba?"

"Haba, Sufeto!" Laftanar ta shiga tsakani. "Baba ne fa. Shi ya riƙa kai ni makaranta. Shi ya ɗaura mini igiyar muƙami a kafaɗa."

Baba Saje bai dube ta ba. Ya jawo akwatin kayansa, ya ɗaga ƙasan, ya fito da kundin a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

"Na so in ƙone shi, hannuna ya ƙi," ya ce. "Sifanata aka tsinta a injin jirgin babanki, 'yata. Ni na mance ta a ciki. Kwamandan lokacin ya rubuta a kundin, ya rufe maganar don kada sunan runduna ya ɓaci. Sau uku ana ba ni canjin wuri ina ƙi. Na kasa barin nan, na kasa gaya miki."

Har Sufeto sai da tausayi ya kama shi, amma ya ciro ankwa. Dattijon ya miƙa hannuwa da kansa.

Sun kai bakin rumfa Laftanar ta yi magana.

"Saje."

Ya tsaya cak. Ba ta taɓa kiransa haka ba.

"Mahaifina ya ce wani abu kafin ya tashi?"

"Ya leƙo daga kujerarsa, ya ce, komai daidai?" Hawaye suka zubo wa dattijon. "Na ce daidai, ranka ya daɗe. Har na ɗaga masa yatsa."