Goge a Bayan Darni

Haske na tankaɗen dusa a tsakar gidan mahaifinta, a wani ƙauye kusa da Filinge, sai uwarta Dijatu ta fito daga ɗaka da ƙwaryar kunu yadda ta shiga da ita.

"Bai sha ba, Inna?"

"Ko dubi nai bai yi ba."

Manzo, mahaifin Haske, sarkin noma ne a da. Da aka yi fari mai tsanani rumbunansa suka ƙare, shanunsa suka mutu, sai ya juya fuska ga bango, ba ci ba magana. Likitan Filinge ya duba, ya ce bai ga cuta ba.

Tun kafin haka shi ya ɗauko Haske daga ɗakin mijinta, Hamani. Laifin Hamani ɗaya ne, ya koyi goge wurin wani tsoho. Ɗan manoma da kayan maroƙa, ai abin kunya ya kai.

"Ɗiyata ba ta zaman gidan mai goge," in ji Manzo. "Shi hwasa shi, ko shi sake ta."

Hamani bai fasa ba, bai kuma saki ba. Haske na son mijinta, amma ba ta iya ƙetare maganar uba, sai kuka a ɓoye.

Da la'asar Hamani ya zo. Suruki ba ya kutsa kai ɗakin surukinsa, don haka ya zauna bayan darni, ya ɗora izga a kan tsirkiyar gogensa. Taken da ake kaɗa wa Manzo a gona ranar gayya ya ɗauko. A ganga ya san shi tun yana yaro, shi ya yi ta lalube har ya zauna a goge.

Can sai murya ta fito daga ɗaka.

"Wane na wanga mai ɓata min take?"

Haske ta saki rariya. "Hamani na, Baba."

"Gaya mai ya cika gaggawa. Mai hauya ba gudu yakai ba."

Hamani ya sassauta.

"Har yanzu da saura."

Manzo ya so ya rera masa da baki, murya ta ƙi.

"Dijatu, miƙo kunun ga in jiƙa maƙoshi."

Ya shanye tas. Dijatu ta juya baya tana share hawaye.

Kullum la'asar haka aka yi ta yi, ɗaya na gogawa a waje, ɗaya na faɗa a ciki, har Manzo ya fara fitowa bakin ƙofa da sandarsa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba a kuma nemi ya ce ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma sana'ar da aka raina wata rana ita ke tashin maras lafiya.

Ran nan dai ya kira Haske.

"Kwashe kayanki ki bi mijinki," ya ce. "Amma gobe shi dawo. Bai iya ba tukuna."